Yatsa Ɗaya, Kati Biyu

Mamata, Scholastica, ta fi shekara ashirin tana tsintar wake a gonar bincike ta Samaru, kuma har gobe in kana son ka ga ɓacin ranta, ka ce mata wake duk wake ne. Za ta ajiye abin da ke hannunta ta gyara ɗaurin zane. Za ta faro daga kanannado, ta bi ta kan ɗan ila da aloka, ta gangaro kan waɗanda ba su da suna sai lamba, ta gaya maka wanda ƙwaro ke shiga tun a gona da wanda yake ɗanɗanawa ya bari. Aikinta ke nan, a zube mata wake a faifai ta ware kowane iri ta zuba a ambulan ɗinsa. Masu digiri kan tsaya a kanta da ƙwaya ɗaya a tafin hannu su ce, "Mama, wannan na wane layi ne?" Ta ɗaga shi sama ta dubi idonsa ta faɗa musu, su rubuta. Iri arba'in take rarrabewa da ido kawai. To, wannan matar ce ta yi shekara bakwai ba ta yarda cewa ni da 'yar'uwata mutum biyu ba ne.

Aure ne ya kawo ta Samaru daga wani ƙauye kusa da Zonkwa. Babanmu, Malam Shekari, malamin firamare ne a Palladan, mutumin da in ya yi magana uku a wuni to ranar ya yi surutu. Shekara goma sha ɗaya suka yi ba haihuwa. Ta yi addu'a, ta yi azumi, ta sha saiwoyin da ko akuya ba za ta kalla ba. Sai a 1997 Allah ya ba ta mu biyu a tashi ɗaya, ni Happiness na fara fitowa, Diana ta biyo baya. Daga ranar sunan Scholastica ya ɓace a unguwarmu, ta koma Uwar Biyu.

Kakarmu da ta zo wankan jego ita ta dasa mata tsoron. Ta ce tagwaye ba a bambanta su, in ka fifita ɗaya, ɗayar za ta yi fushi ta koma inda ta fito. Fada ya sha faɗa a coci cewa wannan camfi ne. Mama takan gyaɗa kai a coci, ta dawo gida ta ɗauko zare ta raba mana dafaffen ƙwai gida biyu daidai wa daida. Matar da ta jira shekara goma sha ɗaya ba za ta yi gwaji da 'ya'yanta don ta faranta wa Fada ba. In na faɗi na kurje gwiwa, sai an shafa wa Diana aidin a lafiyayyar gwiwarta. In na yi rashin ji, mu biyu za a zane. Diana ta sha duka a kan laifina fiye da yadda zan iya biyan ta, kuma ba ta manta ba, har yanzu tana tuna mini a gaban mijina.

Da haka abin ya tsaya da da sauƙi. Amma Mama ta ƙara gaba da lissafinta: tunda mu ɗaya ne, ai ɗaya za ta iya tsaya wa ɗaya. Ni ba na tsoron kowa, in ka sake ma sai na shiga aljihunka. Diana kuwa komai tsoro yake ba ta, baƙo, zakara, tef ɗin tela. Saboda haka ni ake kai wa Amaechi tela a kasuwar Sabon Gari ya gwada ni ya ɗinka biyu. Ƙafata ake sa wa takalmi a sayi ƙafa biyu-biyu. Mai hoto kuwa shi ne babban dodonta, da ta ga Bamidele ya ɗaga kyamara sai ta zura da gudu tana ihu. Da Mama ta gaji, sai ta zaunar da ni ni kaɗai, Bamidele ya wanke hoton sau biyu, ya juya fim ɗin a na biyun, ya haɗa su a firam ɗaya. Sai ga 'yan mata biyu suna kallon juna suna murmushi. An rataye shi a falo, baƙi suna ta cewa kai, kamar an tsaga kara. Fasfo na makaranta ma haka, a wanke takwas, Mama ta rubuta Diana a bayan huɗu.

A watan Agusta na 2004, damina ta yi nisa, ruwa ya kwanta a kowane lungu na Samaru, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mu rana ɗaya. Ina jin har a cikin tashin hankalinta Mama ta ɗan ji daɗi da cutar ba ta yi son kai ba. Baba yana Kafanchan wajen kwas na hutun malamai. Maƙwabciyarmu Ify ce ta gaya wa Mama cewa a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari akwai masu bincike da ke duba yara masu zazzaɓi, su ba da magani, su kuma riƙa bin yaro har sati biyu suna duba jininsa. Mama ta goya ɗaya, Ify ta goya ɗaya, muka shiga bas.

A can muka haɗu da Anti Remi. Ɗalibar digiri na biyu ce, Bayarabiya haihuwar Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa, ga fara'a ga saurin magana. Ta yi wa Mama bayani cewa kulorokwin, maganin da kowa ya sani, ya fara ƙin yi wa wasu yara aiki, shi ne suke son su gane dalili. Za ta soki yatsa, ta shafa ɗigo ɗaya a gilashi don ta duba a madubin likita, ta ɗiga wani a 'yar farar takarda ta busar ta ajiye. A dawo rana ta uku, da ta bakwai, da ta sha huɗu. Ta ba mu kati, ni lamba arba'in da ɗaya, Diana arba'in da biyu. Ni na miƙa yatsa aka soka aka ba ni biskit. Diana kuwa, da zazzaɓinta da komai, sai da mutum uku suka danne ta, ta ciji nas, ta harbar da kwanon auduga, wani tsoho da ke layi ya tashi ya koma waje ya zauna. Mama ta tsaya tana kallo hawaye na bin fuskarta, ni kuma na san akwai abin da take ƙullawa.

Rana ta uku na miƙe garau, Diana ma jikinta ya yi sanyi ta fara cin abinci. Mama ta bar ta wajen Ify ta kama hannuna. A cikin bas ta koya mini karatun. Zan shiga da kati na farko in ba da hannun hagu. In fito, mu zagaya bayan asibitin wajen mai gasa masara, ta cire audugar ta goge mini baki, in sake shiga da kati na biyu in ba da hannun dama, in sunkuyar da kai, kar in yi surutu. Ta ce wa Anti Remi, "Ɗaya-ɗaya zan riƙa shigo miki da su, in suna tare ne waccan take hauka." Duk wanda ya ga abin da ya faru ranar farko ai godiya ma zai yi. Nas ɗin da aka ciza har albarka ta sa wa Mama.

Ni fa abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na iya Diana fiye da Diana. Na langaɓe kai, na ɗan yi shessheƙa, na ja ƙafa ɗaya, har Mama ta harare ni don na fara wuce gona da iri. Anti Remi ta ce, "Kai, Diana an girma," ta ba ni biskit na biyu. Wannan kam Mama ba ta bari na ci ba, na Diana ne, a gida za a kai mata. A wajen Mama ba ha'inci muke yi ba. Ciki ɗaya, nono ɗaya, gidan sauro ɗaya, magani ɗaya, to jinin wa za a duba a ga abin da babu a na ɗayar?

Rana ta bakwai muka sake yi, ya tafi sumul. Anti Remi ta rubuta a katin Diana cewa ba a ga ƙwayar cuta ba. Amma Diana ta gida ta fara zaɓen abinci, ta daina fitowa wasa, sai ta kwanta a tabarma tana kallon mu. Rana ta goma zazzaɓi ya dawo. Mama ta ɗauko kati ta buɗe mata a fuska ta ce, "Kin gani? Likita ta rubuta kin warke." Tunda takarda ta ce babu cuta, sai Mama ta koma ga maganar kakarmu, wato fushi Diana take yi saboda an fita da ni sau biyu an bar ta. Nan aka shiga lallashi. Aka kira ɗan acaɓa ya zaga da ita unguwa sau biyu cif, Mama na riƙe da ita, don a rama mata yawon da na yi. Aka sayo mata gasasshiyar masara irin ta bayan asibiti. Aka sa ni na durƙusa na ba ta haƙuri, Mama ma ta durƙusa kusa da ni. Diana ta dube mu da idanun da suka faɗa, ta juya ta yi amai.

Ran sha huɗu Mama ta yi jinkiri a bakin ƙofa, ta koma ta taɓa goshin Diana, ta sake komawa. Daga ƙarshe ta ce bari mu je mu gama da mutanen nan mu dawo. Na shiga a matsayin kaina na fito, na sake shiga a matsayin Diana. Anti Remi tana cikin nishaɗi ranar, tana nuna wa nas littafinta. Ta ce duk cikin yaranta babu wadda ta ba ta mamaki irin lamba arba'in da biyu, ranar farko jininta cike yake da ƙwayar cuta, ga ƙarancin jini, yanzu kuwa tas, jinin ma ya ciko har ya kamo na 'yar'uwarta daidai. Ta soke ni ta miƙo biskit. Na karɓa na juya shi, na tuna na wancan satin yana nan ƙarƙashin filon Diana tururuwa suna ci. Na ce, "Anti, ba ki da lemo? Diana ba ta iya cin biskit yanzu, komai ta ci sai ya dawo."

Anti Remi ta ajiye biro. Ta kamo hannuna na hagu ta buɗe, ga ɗigon jini bai ma bushe ba. Ta leƙa ƙofa ta kira Mama.

Mama ta shigo da ƙarfinta. Ta ce, "To mene ne a ciki, 'yata? Jininsu ɗaya ne. Diana in ta ga allura suma take yi."

Anti Remi ta ce, "Jininsu ɗaya ne, Mama, amma ba jininsu nake nema ba, abin da ya shiga cikin jinin nake nema. Yaushe zazzaɓin ya dawo?"

"Yau kwana huɗu."

Anti Remi ta cire farar rigarta ta ɗauki jaka. Ita da kanta ta tare tasi a bakin titi, muka bi ta Kwangila da Palladan muka isa gida. Muka tarar da Diana a cinyar Ify tana numfashi sama-sama. Anti Remi ta ja fatar idonta ƙasa, fari fat. Ta buɗe tafin hannunta ta ɗora kusa da nawa, nawa ja, nata kamar an wanke da sabulu. Mama ta dubi hannuwan nan biyu, kuma mai ware wake ba ta bukatar a gaya mata sun bambanta.

A babban asibiti aka ce sai an yi mata ƙarin jini nan take. Mama ta turo ni gaba ta ce a ɗebi nawa, ai ɗaya ne. A wannan karon kaɗai ta faɗi gaskiyar da za ta yi amfani, kuma a wannan karon ne aka ƙi, likita ya ce ba a ɗibar jinin 'yar shekara bakwai. Na Mama aka gwada ya yi daidai aka ɗiba. Aka sa wa Diana kwinin a cikin ruwa. Aka soke ta ya fi sau biyar, ko motsi ba ta yi ba, Mama ta ce da ma ta ciji wani.

Washegari da rana, Baba ya iso ya zauna da ita, likitoci ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Ni da Mama muka koma gida ɗauko zannuwa da filas. Tana shiga falo ta tsaya a gaban firam ɗin nan. Ta nuna ta hagu ta ce, "Wannan ke ce." Ta nuna ta dama ta ce, "Wannan ma ke ce." Ta jawo durowa ta zazzage fasfo a kan tebur, tana juya su ɗaya bayan ɗaya, baya Diana, gaba ni. A duk gidan hoto ɗaya ne aka samu da Diana ta gaske a ciki, na wani bikin Kirsimeti, shi ma ƙafarta ce kawai ta fito tana gudu. Mama ta zauna a ƙasa ta ce, "In yarinyar nan ta tafi, da me zan tuna fuskarta?"

Ni da wautata na ce, "Ki dube ni mana, Mama."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubawa, irin duban da take yi wa ƙwayar wake. Sai ta ce, "Ke ba ita ba ce." Ban taɓa jin ta faɗi haka ba, kuma ya ba ni tsoro fiye da duk abin da na gani a asibiti.

Rana ta uku a asibitin Diana ta buɗe ido, ta ga nas da allura, ta tsala ihun da ya tashi duk ɗakin. Mama ta miƙe ta kama rawa a tsakanin gadaje tana waƙar zumuntar mata, filas a hannu, Baba ya ce, "To, madalla," ya ƙara da cewa, "Mun gode Allah," wanda a wajensa wa'azi ne guda.

Da yamma Anti Remi ta zo dubiya. Mama ta ba ta haƙuri, sannan ta ce ita fa har yanzu ba ta gane ba, cuta ɗaya, magani ɗaya, don me ya yi wa ɗaya ya ƙi ɗaya? Anti Remi ta tambaye ta aikin da take yi, da ta ji sai ta yi murmushi ta ce, "Ai wake duk wake ne, Mama." Ni da Baba muka dubi juna. Mama ta gyara ɗaurin zane ta faro daga kanannado. Anti Remi ta bar ta sai da ta kai kan wanda ƙwaro ke ɗanɗanawa ya bari, sannan ta ce, "To, ƙwayar zazzaɓin ma haka take. Sunanta ɗaya, a madubi kamarta ɗaya, amma iri-iri ce, kowane iri da abin da ya gado. Wani kulorokwin na taɓa shi ya mutu, wani ya sha ya miƙe. Sauron da ya ciji Happiness ba lallai shi ya ciji Diana ba, kuma yaro ɗaya yana iya ɗaukar iri biyu ko uku a lokaci guda. Maganin ya kashe masu saurin mutuwa, yaro ya ji sauƙi, mai taurin kan ya samu fili ya yaɗu." Mama ta ce, "Gauraye ne ke nan. Ambulan ɗaya, iri uku." Anti Remi ta ce da farfesanta zai yi bayani haka da tuni ta gama karatu.

Bayan wata biyar ta zo har gida da wata takarda mai ratsin baƙaƙen layuka, sakamakon ɗigon jinin nan da ta busar. A ƙarƙashin lambata layi ɗaya ne. A ƙarƙashin ta Diana, ranar farko, layi uku, a jinin da aka ɗiba ranar da aka kwantar da ita kuwa biyu sun ɓace, ɗaya na nan. Tun kafin a nuna mata Mama ta ɗora yatsa a kansa ta ce, "Ga ɗan banzan nan." Waɗanda na bayar da sunan Diana rana ta uku da ta bakwai kuwa, Anti Remi ta zubar da su, ta ce ba ta da gurbin rubuta 'yar wasan kwaikwayo. Da gwamnati ta canza maganin zazzaɓi a 2005 aka bar kulorokwin, Mama ta bi gidajen unguwa tana sanar da mutane cewa jinin Diana ne ya jawo, kuma babu wanda ya isa ya musa mata.

Amma kafin duk wannan, ranar da aka sallamo Diana, ba gida muka fara zuwa ba. Mama ta sa mai tasi ya tsaya a shagon Bamidele. Ya dubi yarinyar, duk ta rame sai kai, ga filasta a bayan hannu, ya ce, "Uwar Biyu, ki bari ta ɗan murmure mana, ko kuwa ga wannan ta zauna mata kamar kullum." Mama ta ce, "Ɗauke ta haka." Ni aka kora waje, na leƙo ta taga ina jin haushi. Diana ta ga kyamara ta buɗe baki, Mama ta durƙusa a bayan kujera ta riƙe mata kafaɗa, Bamidele ya danna.

Hoton bai yi kyau ba ko kaɗan. Baki a wangame, ido a rufe, majina, ga yatsun Mama huɗu sun fito a kafaɗa. Shi ne a falonmu har yau, a ƙusar da tsohon firam yake. Diana ta girma, ta yi aure, ta kawo hotunan bikinta masu kyau, ta yi roƙo ta yi barazana, Mama ta ƙi sauke shi. In baƙo ya tsaya a gabansa ya tambaya ko ɗaya daga cikin tagwayen ce, Mama takan girgiza kai ta ce, "Diana ce."